Yaya Mudi da Injin Ɗaure Bututun Teku

Ana sallame sallar asuba muka kama hanya daga Funtua, ni da abokan tafiyata biyu, ko shayi ba su bari na sha ba, kuma har yau ban yafe ba. Ɗayansu ɗan kasuwa ne mai saro abaya da turare, ya yi Jidda har ya gaji. Ɗayan dattijo ne maƙwabcina da bai taɓa hawa jirgi ba, tun a mota yake tambayar ko ana buɗe taga idan zafi ya yi yawa. Muka bi ta Malumfashi da Gwarzo. Hanyar ba laifi, in ka cire wasu ramuka bayan Dayi da suka sa direbanmu ya riƙa yi wa masu kwangila wata addu'a da ba zan rubuta a nan ba. Dawa ta fara fitar da kai, ni kuwa da yake taki da maganin feshi nake sayarwa, idona na kan gonakin mutane har muka shiga Kano.

Ku da kuke bibiyata a nan kun san umara na ce zan je, kuma na yi ta, Allah Ya karɓa. Amma akwai abin da ban faɗa muku ba. Wana, Yaya Mudi, uwa ɗaya uba ɗaya, ya fi shekara ashirin a Jidda yana aiki a jiragen ruwa masu haƙo mai a tsakiyar teku. A can ya yi aure, a can aka haifi 'ya'yansa. Kwanakin baya ya kira ni ya ce, "Sabi'u, in za ka zo, ka zo bana. Ban san ko baɗi za ka same mu ba." Kamfaninsu ya kawo inji mai yin aikin da su Yaya suke yi da hannu. An ba tsofaffin ma'aikata dama su koyi sarrafa injin, wanda ya ci jarrabawa ya zauna, wanda ya faɗi kwantiraginsa ya ƙare. Yaya ya gwada sau ɗaya ya faɗi, saura masa dama ɗaya. A Saudiyya kuwa wanda kake wa aiki shi ne kafilinka, da sunansa ake ba ka iƙama, wato takardar zama, ta matarka da ta 'ya'yanka kuma a jikin taka suke rataye. In aikin ya tafi, gidan gaba ɗaya ya tashi. Da wannan a raina na hau jirgi.

Maganar Makka ba zan tsawaita ba, wanda ya je ya sani, wanda bai je ba Allah Ya kira shi. Dattijonmu yana ganin Ka'aba ya fashe da kuka, ya ce shi fa ba inda za shi, a nan za mu dawo mu same shi. Ni da ɗan kasuwa muka hau jirgin ƙasa muka gangara Jidda. Wallahi jirgin nan kafin in gama gyara zama har mun iso, na ji haushin kuɗina. Muna fita daga tasha iskar garin ta rufe ni, zafi mai ɗanko, irin wanda ke manna maka riga a baya tun ba ka yi komai ba.

Yaya ne ya zo ɗaukata. Rabona da shi tun rasuwar Babanmu. Kafaɗun suna nan yadda na san su, amma gemu ya yi fari fat, kuma sai ka ɗaga murya yake ji sosai, ƙarar injuna ta cinye masa kunne ɗaya. Gidansa na Madain Fahd, unguwa ce babba a kudancin gari, benaye a jere, kowane ƙasansa shago, kowace taga da na'urar sanyaya ɗaki tana ɗigar da ruwa a kan masu wucewa. Su a can sama suke, kuma babu lifta. Gwiwata ta ƙirga matakalar nan da zagi. Matarsa, Anti Batula, ta tare ni a bakin ƙofa tana cewa, "Ƙanin miji, ka zo mana da daddawa, ko bakinka kawai ka ɗauko?" Ita haifaffiyar Jidda ce, kakanninta ne suka taho aikin hajji a ƙafa ta Sudan ba su koma ba, Hausarta da Larabci a cakuɗe suke kamar shinkafa da wake. Babbar 'yarsu, Ruƙayya, tana ajin ƙarshe na sakandare. Duk abin da na faɗa tana ji, amma in za ta ba ni amsa sai ta fara da Hausa, ta maƙale, ta ƙarasa da Larabci tana rufe baki da mayafi. Ƙannenta mata biyu kuwa kallona kawai suke yi suna dariyar yadda nake cin tuwo da sauri.

Washegari muka karya da wake mai man zaitun da suke kira ful, da gurasar tamis mai faɗin faifai, muka nufi Bab Makka don ɗan kasuwarmu ya fara abin da ya kawo shi. Jama'a, Bab Makka Kantin Kwari ce da ta yi wanka. Yadudduka, dardumai, dabino tsibi-tsibi, masu soya hanta suna buga wuƙa a kan faranti, kuma duk inda ka juya sai ka ji Hausa. Wata mata ta kira ni "Alhaji, zo ka ga sabon yayi," na waiwaya, ashe 'yar Bakori ce, ta zo umara tun shekarun baya ba ta koma ba. Har tsire na gani, suna kiransa siriya, Larabawa na layi a kansa. Kaya sun yi tsada, ko kuma in ce Nairarmu ce ta rame, don duk abin da na taya sai in lissafa da kuɗin gida in mayar musu da abinsu a hankali.

A nan ne na fara ganin abin. Mun sayi shayi mai madara da citta a wata 'yar rumfa, Yaya na riƙe da kofinsa da nawa, muna neman inuwa. Sai wata motar kaya ta fara ja da baya a bakin layi, tana wannan ƙarar ta tit, tit, tit. Kafin in ƙifta ido Yaya ya saki kofunan nan biyu, ya ɗaga hannuwansa sama daidai kafaɗa, tafukan a buɗe. Shayi ya wanke masa farar jallabiya, ya fallatsa har takalmina. Na kwashe da dariya na ce, "Yaya, 'yan fashi ne suka tare mu?" Bai yi dariya ba. Ya sauke hannuwan, ya tsaya yana kallonsu, sannan ya ce, "Ka ga abin da ya kayar da ni a jarrabawa." Ban gane ba a lokacin, amma dariyar ta koma mini ciki.

Ranar Asabar ya ce in shirya mu je in gani da idona. Jirgin haƙar man kansa ba a barin baƙo ya hau, amma kamfanin yana da wani fili a kudu da gari, wajen masana'antu, inda ake jibge bututai ana gyara su, kuma a nan ɗakin koyon yake. Mun wuce rumbunan ajiya da tireloli ba iyaka, ga warin teku, ga warin gas. Wanda ya nema mini izinin shiga shi ne shugaban su Yaya, wani dattijo Bahaushen Sudan da kowa ke kira Ammu Bashir. Da na miƙa masa hannu na ji musafahar ba ta cika ba. Na duba, yatsu biyu babu a hannun damansa. Ya lura na gani, ya yi murmushi ya ce, "Suna ƙasan teku, kifi ya daɗe da gode mini. Yalla, sa hular nan."

Bari in yi muku bayanin aikin yadda suka yi mini, ni ma da ban sani ba. Jirgin haƙar yana shawagi a saman ruwa, bakin rijiyar man kuma yana can ƙasan teku, zurfin da in aka faɗa maka sai ka ce ƙarya ne. Dole a haɗa su da wani dogon bututu da suke kira raiza. Ta cikinta ake zura ƙarfen haƙa, ta cikinta taɓon haƙar yake dawowa sama. Ba a ƙera ta a haɗe ba, gaɓa-gaɓa ce kamar rake, sai dai kowace gaɓa ta fi tirela tsawo, kuma siririn mutum zai iya rarrafawa a cikinta. Na gan su a jere a filin, an lulluɓe su da wani abu mai kama da soso mai tauri don su yi sauƙi a ruwa. A bakin kowace gaɓa akwai ramukan noti. Ammu Bashir ya ce in ɗaga noti ɗaya. Na ɗaga da hannu biyu, bayana ya ce kar in kuskura in sake.

To a jirgi, sai a riƙe gaɓa ɗaya a tsaye a cikin wani rami da ke tsakiyar dandamalin aiki, bakinta na kallon sama. Injin ɗaga kaya ya kawo ta biyu, ya sauke bakinta a kan na farko. Su Yaya su ne ke tsaye a gefen ramin, su daidaita, su zura notocin, su ɗaure da wata ƙatuwar sufana mai aiki da ƙarfin mai wadda sai mutum biyu ke ɗaga ta. A sauke cikin ruwa, a kawo ta gaba, haka dai har a taɓo ƙasa. In an gama rijiya a sake kwance su ɗaya bayan ɗaya. Duk wannan jirgi na rausaya, ƙasa da santsi, iska na kaɗawa. Lokacin da ya fi kowane haɗari shi ne sa'ad da bakin sama zai zauna a kan na ƙasa, don duk abin da ya samu a tsakani ya zama labari. Shi ya sa suke da al'ada. Da gaɓar ta kusa zama sai ƙararrawa ta fara tit, tit, tit, shugaba ya daka tsawa, kowa ya saki abin da yake riƙe da shi ya ɗaga hannu biyu sama, don mai sauke bututun ya ƙirga tafuka da idonsa kafin ya saki nauyin.

Ammu Bashir ya ce, "Ni na koya wa Mudi. Da ya zo yana yaro, in ƙararrawa ta yi bai ɗaga ba, da wannan guntun hannun nake marin ƙeyarsa. Sai da na tabbatar ko barci yake ya ji ƙarar nan zai ɗaga." Sannan ya ce, "Yanzu kuma an ce ni zan cire masa."

Suka nuna mini hoton bidiyon injin yana aiki a jirgi. Gaskiya abin kallo ne. Hannuwan ƙarfe biyu ne aka kafa a gefen ramin, da kyamarori a maimakon ido. Bututu na zama sai hannu ɗaya ya miƙa ya ɗauko noti ya zura, ɗayan ya bi ya ɗaure daidai gwargwado, ba ƙari ba ragi, su zagaya su gama, su koma gefe su naɗe kamar masu jiran a ce su ci abinci. Ba mutum ko ɗaya a dandamalin, an ja jan layi an hana kowa tsallakawa. Mutum ɗaya ne a wani ɗakin gilashi mai sanyi, yana zaune a kujera, hannuwansa a kan mariƙi biyu. A ƙarƙashin yatsunsa akwai maɓalli, muddin yana danne da shi inji na tafiya, yana saki komai ya tsaya cak. An yi haka ne don kariya. Amma in ka saki daidai lokacin da baki zai zauna a kan baki, jirgi kuma na hawa da sauka da igiyar ruwa, sai bakunan su gwabzu, robobin da ke hana yoyo su lalace. Wannan kuskuren masu jarrabawa ba sa yafe shi. Ƙararrawar kuwa ba a canza ta ba, ita ce dai ta da.

Ɗakin koyon kwantena ce aka sa wa kujera da mariƙai da manyan allunan talabijin, komai kamar gaske. Yaya ya zauna. Wallahi na yi alfahari da shi, don tun kafin hoton ya nuna bututu ya karkace shi ya riga ya gyara, ya san lokacin da igiyar ruwa za ta ɗaga jirgi kamar yana jin ta a ƙafarsa. Gaɓa ta sauko, ta kusa zama, ƙararrawa ta fara. Na ga jijiyoyin wuyansa sun miƙe, ya cije baki, ya riƙe. Ta zauna lafiya. A ta gaba ma ya riƙe. Can da aiki ya yi nisa, hankalinsa ya tafi kan wani abu a allon gefe, ƙararrawa ta yi, sai ga hannuwa a sama. Allon ya yi ja. Ammu Bashir ya dafe kai.

Don a sassauta zaman sai Ammu Bashir ya ce in zauna ni ma in gwada, abin da kawai zan yi shi ne in danne maɓalli kar in saki. Na zauna, ni da ban san komai ba, mai sayar da taki. Ƙararrawa ta yi ta ƙararta, ko gezau ban yi ba, don ni ba ta ce mini komai. Bututu ya zauna. Na juyo ina washe baki, sai na haɗa ido da Yaya. Da na sani ban zauna a kujerar nan ba.

A gida kuwa Anti Batula ta ɗauki abin da zafi. Ta ce ita ba za ta zauna ƙarfe ya kore ta daga garin da aka binne uwarta ba. Bayan la'asar sai ta zaunar da Yaya a kujerar falo, ta ba shi muciya a hannun dama, ludayi a hagu, ta sa Ruƙayya ta ɗauko ƙarar nan a waya. Ana cikin hira, ba sanarwa, sai yarinyar ta kunna. In ya riƙe a tafa masa, in ya saki Anti ta ce, "La, la, ya Mudi, daga farko!" Ku yi tunanin ƙaton mutum mai farin gemu da muciya a hannu yana zare ido, ƙananan yaran suna birgima don dariya. Ni ma na yi dariyar, har da hawaye. Amma na lura Ruƙayya ba ta dariya ko kaɗan, da gaske take danna wayar nan, idonta a kan yatsun ubanta. A falo ya kai ga ba ya saki sam, har muka fara cewa an gama.

Ana jibi jarrabawa muka fita ni da shi da yamma, muka bi ta Ruwais, tsohuwar unguwa mai ƙananan gidaje da manyan benaye suka kewaye, muka ɓulla bakin teku. Iyalai sun shimfiɗa dardumai, yara na cin masara, masu kamun kifi sun jera sanduna. Can nesa jirage sun yi layi suna jiran shiga tasha. Na ce masa ni fa haushin injin nan nake ji, mutum ya ba da ƙuruciyarsa, rana ɗaya a kawo ƙarfe a ce ya fi shi. Sai ya ce, "Kar ka ji haushinsa. Ni na ɗauki mutum a kafaɗata daga bakin ramin nan, ɗan Indiya, yana kiran uwarsa. Da injin nan ya zo tun lokacin, da yanzu yana ɗaura wa 'yarsa takalmi da kansa. Abu mai kyau ne, Sabi'u. Ni ne dai ya zo wa a makare." Na tambaye shi ko ba zai nemi wani kafilin ba. Ya ce ya zagaya, duk inda ya je shekarunsa suke fara kallo, sannan kunnen. Na ce to Funtua ai gida ce. Ya ce, "Gidana ne ni da kai. Su fa?" Sai na saya mana masara.

Ranar jarrabawa na bi shi, amma a waje na tsaya, a wata 'yar rumfar shayi da ke kallon ƙofar filin. Mai rumfar ɗan Yaman ne, ya ga na ƙi zama na ƙi tafiya, ya riƙa ƙaro mini shayi ba tare da na tambaya ba. Direbobin tirela na shiga suna fita. Na yi duk addu'ar da na iya, har da waɗanda na manta rabonsu da bakina. Rana ta take sosai kafin ƙofar ta buɗe. Ammu Bashir ne ya fara fitowa, Yaya na bayansa da hular aiki a hannu, kuma daga yadda dattijon ya kauce wa idona na san abin da ake ciki.

Yaya ya zauna a bencin kusa da ni, ya karɓi kofina ya shanye. Ya ce komai ya tafi daidai, har mai jarrabawar yana gyaɗa kai. A gaɓar ƙarshe suka ƙara wa tekun hauka a allon, jirgi na tashi yana faɗuwa, irin ranakun da a da ake rasa yatsu. Ya ce, "Duk hankalina na kan bakin bututun. Ban ma san hannuwan sun tashi ba, Sabi'u. Ganinsu kawai na yi a sama." Ammu Bashir, da ya tsaya a kanmu, ya ce, "Ni na yi maka wannan." Yaya ya kama guntun hannun nan nasa da hannu biyu ya ce, "Kai ka yi mini, Ammu. Allah Ya saka maka da alheri." Dattijon ya juya ya koma ciki da sauri. Ni kuwa na tashi na ce zan biya kuɗin shayi, na je na tsaya a gaban ɗan Yaman ina laluben aljihu har idona ya bushe.

Da muka hau benen gida Anti Batula ta buɗe ƙofa, ta dubi fuskar mijinta, ta ce, "Halas?" wato shi ke nan? Ya ce, "Halas." Ta shiga kicin ta zubo shinkafa da kaza, ta tsaya a kansa sai da ya ci. Ƙananan yaran ba su fahimci komai ba, ɗaya har ta ɗauko muciya ta miƙa masa. Ruƙayya ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, ba ta fito ba har na yi sallama da gidan. Kamfanin ya yi musu adalcin da zai iya, an bar su har yaran su gama shekarar karatu, daga nan sai biza ta fita ba dawowa.

Dawowarmu ba wani abin labari. Ɗan kasuwa ya yi kaya har sai da ya roƙe ni in ce jaka biyu nawa ne, dattijonmu kuma da ƙyar aka ɓamɓaro shi daga Makka, ya rame ya yi haske. Mun sauka Kano ana yayyafi, muka sake bin ramukan Dayi, direba ya sake addu'arsa. Ina isa Funtua ban shiga gidana ba, na wuce wajen Innarmu, mahaifiyarmu, wadda idonta ya yi rauni amma kunnenta ras. Na zauna a bakin tabarmarta na ba ta labari tun daga farko, har na ɗaga hannuwana na nuna mata yadda yake yi. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Yatsun nasa duka suna nan?" Na ce suna nan, goma cif. Ta ce, "To alhamdu lillahi. A gyara masa ɗakunan baya."

Na je Jidda da shirin in tsani inji, na dawo ban iya ba, don na gaisa da Ammu Bashir. Na kuma je da tunanin cewa in mutum ya ƙware a aiki ya tsira, na dawo na san ba haka ba ne. Abin da Yaya ya koya har ya shiga jininsa, shi ya dawo da shi gida lafiya shekara da shekaru, shi ne kuma ya tashe shi daga aikin, kuma ban ga wanda zan ɗora wa laifi ba. Ni da nake sayar wa manoma maganin feshi, na san 'yan ƙwadago nawa ne suka daina samun noman ciyawa saboda kayan shagona, amma sai yanzu na zauna na yi tunaninsu. Masu kawo sababbin abubuwa, Allah Ya ƙara basira, sai dai a riƙa waiwayar waɗanda tsohuwar hanya ta riga ta zauna a jikinsu, don ba riga ba ce da za a tuɓe rana ɗaya.

Na kira magini ya duba ɗakunan baya, ya ce rufin sai an sauya. Jiya ina tsaye a kansa yana auna kwano, saƙon murya ya shigo wayata daga Jidda. Ruƙayya ce. Da Hausa ta yi shi tun daga farko har ƙarshe, a hankali, ka ji ta sha maimaitawa kafin ta aiko. Ta gaishe ni, ta gaida Inna, sannan ta ce, "Baffa, ina so in tambaya. A garinku akwai teku?"